Nazarin Lamari: Sanya Turbo a Tsohuwar Hilux Mai Hawan Tsaunin Mambila

Motar da wannan nazari ya shafa akori-kura ce ƙirar Toyota Hilux, samfurin LN106 na shekarar 1994, mai jan ƙafa huɗu, mai shan man gas. Mai ita ƙanin mahaifina ne, ɗan kasuwa da ya shafe shekaru yana sayen siminti da gishiri da sukari da kwanon rufi a Jalingo, yana kai wa masu shaguna a Nguroje da Gembu a kan tsaunin Mambila cikin jihar Taraba, idan motar za ta sauko kuma a yi mata lodin masara da ayaba da fiya. Ni ke riƙe masa littafin kuɗin motar, kuma ina da ɗan sani a kan injin gas, amma ba a nemi shawarata ba sai da ɓarna ta riga ta auku. Saboda haka abin da zan faɗa game da aikin farko na sanya wa motar turbo, na tattaro shi ne daga bakin direba da kuma abin da ƙarfe ya nuna ranar da aka kwance injin. Aiki na biyu kuwa a kan idona aka yi shi.

Koken Baffa a kan motar guda ɗaya ne, kuma duk wanda ya san hanyar zai gane shi. Daga Jalingo zuwa Bali, zuwa Serti, har Mayo Selbe, motar ba ta da laifi, tana tafiyarta a hankali kamar yadda tsohuwar mota mai lodi ta saba. Daga Mayo Selbe ne ake fara hawan dutse, kwana bayan kwana, har a ɓulla Maisamari, kuma a nan ne take komawa giya ta ɗaya tana rarrafe, baƙin hayaƙi na tashi a bayanta, yaron mota yana shirye da weji a hannu. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ko bayan an gama hawan an kama shimfiɗar tsauni, ƙarfin motar ba ya dawowa yadda yake a ƙasa. Kanikawa biyu sun wanke nozul, sun canza filta, sun duba famfon mai, ba su ga komai ba, domin a gaskiya babu abin da ya lalace.

Abin da ke faruwa a kan tsauni

Injin da ke cikin motar shi ne wanda Toyota ta sa wa suna 3L, mai silinda huɗu, girmansa lita 2.8, kuma a ranar da ya fito sabo ƙarfinsa bai wuce na doki 90 da ɗoriya ba. Ba shi da abin da ke tura masa iska, fistin ne ke zuƙo ta yayin da yake sauka, don haka yawan iskar da ke shiga silinda ya dogara ne kacokan a kan nauyin iskar wurin da motar take. A bakin teku matsin iska ya kai 14.7 a ma'aunin matsi da ake kira psi. Tsaunin Mambila kuwa tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, inda matsin ke sauka zuwa wajen psi 12. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau, wanda ke nufin motar Baffa tana barin wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinta a gindin dutsen, a daidai wurin da ta fi bukatarsa. Famfon mai kuwa bai san an hau dutse ba. Yana auna man da ya saba aunawa ya fesa shi cikin iskar da ta ragu, wani kaso ya ƙone, saura ya fita a matsayin baƙin hayaƙi, kuma wannan man da bai gama ƙonewa a kan lokaci ba zafi yake ƙara wa injin, ba ƙarfi ba.

Wanda ya ba Baffa shawarar sanya turbo bai yi kuskure a ganewar ciwon ba. Turbo ba komai ba ne illa fanka biyu a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke danna iska cikin silinda, a gudun da kan zarce juyi 100,000 a minti. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da suka tabbatar da amfaninta a kan dutse aka yi shi: a 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin jirgin sama mai turbo a kan dutsen Pikes Peak a Amurka, mai tsayin kimanin mita 4,300, ya nuna cewa injin yana iya mayar da ƙarfin da ƙarancin iska ya ƙwace masa. Matsalar da ke damun akori-kura a hawan Mayo Selbe ita ce ainihin matsalar da aka fara magancewa da wannan na'ura.

Sai dai akwai abu biyu game da injin 3L da ya kamata a sani kafin a taɓa shi. Na farko, Toyota ba ta fitar da shi da turbo ba. A danginsa wanda ya zo da turbo daga masana'anta shi ne 2L-T mai lita 2.4, kuma shi an rage masa yawan matsewar da fistin ke yi, yayin da na 3L ya kai ninki 22.2, adadi mai yawa ga injin da za a ƙara danna wa iska. Na biyu, nozul ɗinsa ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin. Yana fesawa ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin top, wato murfin saman silinda, a nan wutar ke kamawa sannan ta feso ta wata 'yar kafa zuwa cikin silinda. Wannan tsari yana sa injin ya yi laushin sauti ya kuma jure man da ba shi da tsabta sosai, amma yana tara zafi mai yawa a cikin top ɗin. Shi kansa 2L-T, da masana'anta ta tsara shi don turbo, ya yi ƙaurin suna a ƙasashe da dama wajen tsagewar top idan aka matsa masa a hawa da lodi. Wanda ya ɗauko turbo ɗinsa ya ɗora a kan 3L ya gaji wannan rauni tare da ƙari.

Aikin farko

An kai motar wani gareji a Jalingo, aka yi odar turbo samfurin CT20 ɗan Beljiyam tare da bututun hayaƙinsa na jikin inji, dukansu an ciro su ne daga 2L-T. Wannan zaɓi ba shi da aibi, domin injinan 'yan gida ɗaya ne kuma kayan suna zama ba tare da wahala ba, shi ya sa ma hanyar ta yaɗu a tsakanin masu irin wannan mota a wurare kamar Ostareliya. Bakaniken ya jawo baƙin mai zuwa turbo daga wurin da makunnin fitilar mai ke zaune, ya huda kaskon mai na ƙasan inji ya yi waldar bututun da man zai koma ta ciki, ya haɗa robobin iska, ya tayar da mota. Cikin kwana uku aka gama.

Da aka fita gwaji, Baffa bai ji bambancin da aka yi masa alkawari ba, kuma hakan daidai ne, domin a injin gas iska kaɗai ba ta ƙara ƙarfi sai an ƙara mai. Nan ne aka yi abu biyu da suka jawo duk abin da ya biyo baya. Bakaniken ya karya hatimin sukurun da ke ƙayyade iyakar man da famfo ke bayarwa, ya riƙa murɗa shi a tsaye a bakin gareji, yana taka totur yana sauraro, har sai da motar ta yi zabura irin wadda mai mota ke so. Sannan, da ya ga robar da ke kai iska ga 'yar ƙofar rage hayaƙi ta jikin turbo ta ruɓe, maimakon ya canza ta sai ya ɗaure sandar ƙofar da waya. Aikin wannan ƙofa shi ne idan matsin iska ya kai iyakar da aka tsara, ta buɗe ta bar wani hayaƙin ya wuce ta gefe don kada fankar ta ci gaba da ƙara gudu. Da aka ɗaure ta, babu sauran mai tsawata wa turbo ɗin, kuma tun da ba a sanya agogon auna matsin iska ba, babu wanda zai iya faɗin inda matsin yake kaiwa a tsakiyar hawa.

Ba na ɗora wa bakaniken jahilci, domin hannunsa a kan injin fetur ya ƙware, kuma tunanin injin fetur ne ya yaudare shi. A injin fetur ƙarin mai yana sanyaya wutar silinda, ƙarancin mai ne ke ƙona fistin. A injin gas abin juye yake: iska mai yawa ce ke sanyaya wutar, kowane ɗigon mai da aka ƙara kuwa zafi ne aka ƙara. Wanda ya buɗe wa famfon gas mai da kunne, yana ganin ya ciyar da inji ne, alhali itace yake ƙara wa murhun da ba ya ganin cikinsa.

Sauran abubuwan duk an bar su yadda suke. Salansar asali mai siririn bututu tana nan, ga tukwanenta da suka cika da kunkunniya. Lagireto ya shekara da shekaru yana shan ruwan rijiya da na rafi. Tamostat kuwa, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, an daɗe da cire shi, bisa al'adar nan ta garejinmu da ke cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi.

Motar ta yi 'yan makonni tana burge kowa. Hawan da ake yi da giya ta ɗaya ya koma na giya ta biyu, wani wurin ma ta uku, direba ya fara wuce tsofaffin Land Rover ɗin da suka mallaki hanyoyin tsaunin. Ganin haka Baffa ya ƙara lodi. Motar da aka ƙera don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, wato buhun siminti 20 masu kilo 50, sai ga ta da buhu 30. A wata tafiya a farkon damina, ana tsakiyar hawa, allurar zafi ta tashi daga tsakiya ta nufi ja cikin ɗan lokaci kaɗan. Direban ya samu wuri ya tsaya, ya kashe injin nan take, ya jira kaɗan ya buɗe murfin lagireto da tsumma, ya ɗura ruwan sanyi na wani rafi da ke gangarowa a gefen hanya. Motar ta tashi ta ƙarasa Gembu. Daga ranar ruwa ya fara ɓacewa ba tare da an ga inda yake yoyo ba, da safe injin ya riƙa tashi da kakari da farin hayaƙi, kuma idan an buɗe lagireto yana aiki sai a ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa.

Abin da ƙarfe ya nuna

Da aka sauko da motar aka ɗaga top, gasket ɗin, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin top da jikin inji, bai ƙone ba, wanda ya ba wasu mamaki. Top ɗin ne kansa ya tsage a silinda ta biyu da ta uku, a ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi, tsagar ta nutsa har ta tarar da hanyar ruwa. Bakin ƙananan ɗakunan ƙuna guda huɗu duk ya yi tsage-tsage. Wannan wuri ne ya fi ko'ina shan wuya, domin gefensa ɗaya iska mai ɗan sanyi ke wucewa, ɗaya gefen kuma hayaƙi mai ɗaruruwan digiri, kuma silindun tsakiya su ne maƙwabtansu ke dumama su ta hagu da dama. Ruwan rafin da aka ɗura wa ƙarfe yana tsananin zafi mai yiwuwa shi ya ƙarasa aikin, amma tsage-tsagen bakin ɗakunan sun nuna cewa zafin ya daɗe yana cin wurin a kowane hawa, tun kafin allura ta motsa. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya lura da shi: allurar da ke gaban direba zafin ruwa take aunawa, ba zafin wuta ba. Wutar silinda tana iya haura iyaka cikin daƙiƙoƙi kaɗan da taka totur, ruwa kuwa sai ya ɗauki mintuna kafin ya kai labari, kuma sau da yawa labarin rasuwa yake kaiwa.

Fistin ɗin, waɗanda na alminiyam ne, sun sauya launi a sama amma ba su narke ba, kuma wannan sa'a ce, tun da alminiyam yana narkewa a digiri 660 kuma yana fara rasa ƙwarinsa tun kafin nan. Da aka cire tankin lagireto aka tarar da kusan rabin bututunsa a toshe da tsatsa da laka. Murfinsa ba ya riƙe matsi, abin da ke da muhimmanci a kan tsauni fiye da ƙasa, domin a tsayin mita 1,600 ruwa a buɗaɗɗen mazubi yana tafasa a wajen digiri 95, yayin da murfi mai lafiya ke ɗaga wannan iyaka zuwa sama da digiri 110. Fankar inji, wadda ke da wani ruwa mai kauri a cibiyarta da ke sa ta kama idan an yi zafi, ruwan ya tsiyaye, tana juyawa ne kawai don ganin ido.

Shi ma turbo ɗin bai tsira ba. Bututun da baƙin mai ke komawa ta ciki an yi waldarsa ƙasa da inda man kasko yake tsayawa, kuma robar ta lanƙwashe a tsakiya. Man da ke fita daga turbo ba famfo ke tura shi ba, gangarowa yake yi da nauyinsa, don haka idan hanyar ta ƙuntata ko bakinta ya nutse cikin mai, sai ya taru ya ɓulle ta cikin fankokin. Mun tarar da bututun iska jiƙe da mai. Haɗarin wannan ya wuce ɓarnar mai, domin injin gas yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas, kuma idan yoyon ya yi yawa sai ya riƙa ƙara gudu da kansa, kashe makulli ba ya tsayar da shi. A kan sandar fankokin kuma akwai baƙin dasashi na man da ya soye, alamar ana kashe injin da zarar an tsaya bayan doguwar wahala, man ya daina zagayawa alhali ƙarfen yana da zafin gaske.

Zaɓin da ke gaban mai mota

Hanya uku aka shimfiɗa wa Baffa. Ta farko a sayi wani top a cire turbo a koma gidan jiya, wadda ita ce mafi arha kuma mafi kwanciyar hankali, amma ya ƙi ta tun kafin a rufe baki. Ta biyu a sauke injin gaba ɗaya a ɗora wanda aka haifa da turbo, kamar 1KZ-TE mai lita 3 da Toyota ta fara fitarwa a 1993. Wannan yana da ƙarfi sosai fiye da 3L, sai dai famfonsa kwamfuta ke sarrafa shi, yana bukatar wayoyinsa da sauye-sauye a wurin zama da giya, kuma motar da ke kwana a ƙauyukan tsauni ta fi bukatar injin da kowane bakanike zai iya tayarwa da sifana da sukundireba. Ta uku a gyara 3L ɗin a mayar da turbo, amma da wata manufa dabam. Na faɗa masa a lokacin: “Baffa, ba sabuwar mota za mu yi maka ba. Iskar da dutse ke ƙwace mata za mu mayar mata, mu ɗan ƙara kaɗan, shi ke nan.” Ya ce in dai za ta hau da giya ta biyu ya yarda, kuma a kan wannan sharaɗi aka tsaya.

Aiki na biyu

Ba a fara da turbo ba. An fara ne da tabbatar da cewa ƙasan injin zai iya ɗaukar ƙarin nauyi, domin turbo ba ya warkar da injin da ya gaji, gaggauta ajalinsa yake yi. An zare fistin aka canza ringi da metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, aka ɗora sabon top da sabbin kusoshinsa, aka zaɓi gasket bisa yadda fistin ke leƙowa saman bulok, tun da kaurinsa kala-kala ne a wannan inji. An canza bel ɗin taimin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, wanda ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce kuma babu wanda ya tuna ranar da aka canza shi. Bayan an haɗa aka auna matsin kowace silinda. Littafin gyaran injin ya ba da kilo 32 a kan kowace murabba'in santimita a matsayin ma'aunin lafiya, 20 a matsayin mafi ƙaranci, kuma kada bambancin silinda da silinda ya wuce 5. Duka huɗun sun faɗa kusa da ma'aunin sama.

Daga nan aka koma kan ruwa. An sa sabon lagireto mai kauri da sabon murfi, aka cika cibiyar fanka, aka mayar da tamostat, aka zuba ruwan sanyaya inji na kanti mai hana tsatsa. Mayar da tamostat ɗin sai da aka yi gardama a kansa, domin direban da kansa yana ganin shi ke jawo zafi. Bayanin da ya gamsar da shi shi ne ƙarfe ya fi son zafi daidaitacce a kan hawa da sauka, kuma motar da ke gangaro Mambila da asuba ba tamostat tana yin sanyi ƙalau, sannan ta koma tafasa a hawa na gaba, irin wannan miƙewa da tsukewa kuwa ita ce ke haifar da tsaga.

An gyara turbo ɗin aka daidaita fankokinsa, aka kwance wayar da ta ɗaure ƙofar rage hayaƙi, aka sa sabuwar roba, aka tsayar da matsin a psi 7, wato kusan rabin matsin iskar bakin teku. Adadin yana da ƙanƙanta a kunne, amma lissafi ya nuna isarsa: idan aka ɗora 7 a kan 12 na saman tsauni an samu 19, wanda ya zarce iskar bakin teku da kusan kashi 30 cikin 100. Wato motar a Nguroje tana shaƙar abin da ba ta taɓa shaƙa ba ko a Legas. An toshe tsohuwar hudar kasko aka yi sabuwa sama da layin mai, da bututu mai faɗi da ya sauko a miƙe. An cire tsohuwar salansa aka sa mai faɗin inci biyu da rabi, saboda turbo yana aiki ne da bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa, kuma salansa mai ƙunci tana tare zafi a bakin bawul. Dukkan robobin da ke tsakanin filtar iska da turbo an canza su an ɗaure da kilif mai kyau, domin ƙurar rani idan ta samu kafa tana cinye gefen fankar da ke juyi a irin wannan gudu kamar yadda yashi ke cin wuƙa.

Iskar da aka matsa tana yin zafi, kuma a irin wannan matsi tana iya barin turbo da digiri 80 ko fiye. Saboda haka aka sa ɗan ƙaramin intakula a gaban mota, wato lagireton iska da ke rage mata zafi kafin ta shiga inji. An zaɓi ƙarami da gangan, aka kuma zaunar da shi ƙasa-ƙasa, don kada ya tare wa lagireton ruwa iska a hawan da mota ke tafiya a hankali.

Famfon mai shi ne aka fi ɓata lokaci a kansa. An kai shi wurin masu kalibireshan aka mayar da shi ma'aunin asali a kan benci, aka duba feshin nozul, sannan aka ɗora masa murfin famfon 2L-T mai wata 'yar fata da ke jin matsin iska. Amfaninta shi ne ba ta barin ƙarin mai ya wuce sai turbo ya fara turo iska, don haka baƙin hayaƙin da ke fita a farkon taka totur ya ragu ƙwarai. Kafin a ƙara ko ɗigon mai, an huda bututun hayaƙi gab da shigarsa turbo aka dasa ma'aunin zafi, aka kafa agogonsa a gaban direba tare da na matsin iska. Wurin dasawar yana da muhimmanci, domin idan aka sa shi bayan turbo yana iya nuna abin da ya gaza zafin gaskiya da digiri 100 ko fiye. Iyakar da masu wannan sana'a suka saba bi a irin waɗannan tsofaffin injina ita ce kada zafin ya zauna sama da digiri 650 a doguwar wahala. Da wannan agogo aka saita man, ba a bakin gareji ba, a kan hawa na gaske da buhu 20 a baya, ana murɗa sukurun kaɗan-kaɗan ana sake hawa, har aka kai inda motar ke ja da giya ta biyu allurar kuma ba ta ƙetare iyakar ba, sannan aka ɗan mayar da shi baya aka sa hatimi.

Bayan gyara

Zaburar da motar ta yi a aikin farko ba ta dawo ba, kuma direban bai ɓoye takaicinsa ba a makon farko. Amma tana hawa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari da giya ta biyu, hayaƙinta ya koma siriri, allurar ruwa ba ta barin wurinta, kuma a littafina kuɗin gas na kowace tafiya ya sauka ƙasa da na lokacin aikin farko, ya dawo kusa da yadda yake kafin a taɓa motar. An koya wa direban abu uku, kuma na ɗaya ya saɓa wa abin da ya saba: idan agogon hayaƙi ya doshi 650, kada ya ƙara taka totur a babbar giya, ya sauko giya ɗaya ya bar injin ya yi juyi da sauri, nan take zai ga allurar ta faɗo, domin iska ta ƙaru alhali man kowane bugu ya ragu. Na biyu, idan ya tsaya bayan hawa ya bar injin yana aiki minti biyu ko uku kafin ya kashe. Na uku, baƙin mai da filtarsa ba sa wuce kilomita 5,000, kuma ba a sayen na kwalbar bakin hanya.

Kuloci ne ya fara nuna cewa ƙarfin ya ƙaru, domin bayan 'yan watanni ya fara zamewa a giya ta huɗu, aka canza shi da mai ƙarfin matsi. Wannan an sa ran faruwarsa, kuma an saka kuɗinsa a lissafi tun farko. Idan aka haɗa komai, kuɗin turbo ɗin kansa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka kashe; top, lagireto, intakula, salansa, aikin famfo, agogo biyu da kuloci sun ninka shi sau da yawa.

Batun da har yanzu ba a gama da shi ba shi ne lodi. Turbo bai ƙara wa motar komai a birki ba, faranti ne a gaba ganga a baya kamar ranar da aka ƙera ta, sifirin da akasul ma su ne na 1994, kuma duk abin da ya hau Mambila ta wannan hanya sai ya sauko ta waɗannan kwanoni, inda injin gas ba ya riƙe mota sosai sai an danne shi da ƙaramar giya. Baffa ya amince da buhu 20 a baki, amma a rasit ɗin watan jiya na ga tafiya biyu da aka loda 26. Da na yi masa magana ya ce agogon bai wuce 650 ba, direba ne shaida. Na ce masa agogon hayaƙi yake aunawa, ba birki ba. An sa ranar da za a kwance gangunan baya a duba su kafin ruwan sama ya yi ƙarfi a kan dutsen.